Gishiri Da Sukari: Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Gishiri da sukari duka farare ne, duka kuma suna narkewa cikin ruwa. Amma a zuba kowanne a cokali a ɗora bisa wuta, sukari zai narke ya ƙone, gishiri kuwa ko gezau, sai zafi ya kai digiri 801, alhali ruwa a 100 yake tafasa. Dalilin yana cikin yadda ƙwayoyin zarrarsu suka ɗaure juna.

Kowace ƙwayar zarra tana da 'yan mitsitsin abubuwa masu kewaya ta sahu sahu, ana ce da su ilektaron. Yawancin ƙwayoyi ba su natsuwa sai sahun waje ya cika takwas. Hanyar cikawa biyu ce, bayarwa ko tarayya. A 1916 ne Kossel Bajamushe da Lewis Ba'amurke suka bayyana wannan.

Gishiri haɗin sodiyam ne da kulorin. Sodiyam yana da ilektaron ɗaya a sahun waje, kulorin bakwai. Sai sodiyam ya miƙa nasa, kulorin ya cika takwas. Daga nan mai bayarwa da mai karɓa sun sami cajin lantarki kishiyar juna, sai su riƙa jan juna. Wannan shi ne ɗaurin ayonik. Kowane sodiyam kulorin shida ke riƙe da shi, an jeru kamar tubalin ganuwa, shi ya sa wutar murhu ba ta iya rushe su.

Ɗaurin kobalent kuwa tarayya ce, kamar maƙwabta masu rijiya ɗaya a kan iyaka. Cikin ruwa, oksijin yana tarayyar ilektaron da haidurojin biyu, ba wanda ya rabu da nasa. Haka sukari yake. To, kada a zaci tarayya ba ta da ƙarfi. Ƙwayoyin sukari ƙungiya ƙungiya suke, raunin kuwa tsakanin ƙungiya da ƙungiya yake. Daimon, inda tarayya ta game dutsen duka, ai ya fi ƙarfe tauri.

Ga abin kula. In gishiri ya narke, ƙwayoyinsa masu caji sukan watsu cikin ruwa su ɗauki lantarki, ruwan sukari kuwa ba ya ɗauka. Ruwan rijiya da gumin jiki duk da gishiri a ciki, saboda haka kada kowa ya taɓa kayan lantarki da jiƙaƙƙen hannu.

Malamai, kada ku bar yara da hadda kurum. Cokali biyu da garwashi sun isa ku nuna musu, gani ya kori ji.