Hoton Da A Ke Ci A Bisa Kek

A da, in za a kai gara a Dutsin-Ma ko Kurfi, alkaki da nakiya su ne ado. Yanzu kuwa, tun ba da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma cikin 2011 ba, ga kek ya shigo, har da hoton amarya a bisansa, a yanka a cinye.

Takardar hoton da sukari ko sitaci a ke yin ta, tawadar kuwa launin abinci ce. Sai a buga da injin da aka keɓe domin wannan aiki kaɗai, sa'an nan a shimfiɗa bisa kek da aka lailaye da kwaɓin sukari, a shafa daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Da damina danshi ya kan sa launin ya malale, da hunturu takardar ta kan bushe ta tsage, saboda haka a bar ta cikin leda sai lokacin aiki.

Amma fa tawadar ofis ba abinci ba ce, ido kuwa ba ya rarrabewa. To, iyaye, kafin ku biya, lalle ku tambayi mai kek irin tawadarsa. Rigakafi ya fi magani.