Sankarar mama a Tasawa da Mayahi: maganin kyauta da hanya mai tsada

Sankarar mama, wadda a ƙauyukan jihar Maraɗi aka fi kira daji, cuta ce da ke farawa idan wasu ƙwayoyin halittar nono suka riƙa hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su zama ƙulli, wanda sau da yawa ba ya zafi a farkonsa, daga baya kuma ya bazu zuwa kaluluwar hammata da ƙashi da huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da ita, ta kuma kashe kimanin 670,000. A ƙasashe masu arziki fiye da mata 90 cikin 100 suna raye shekara biyar bayan gano cutar, alhali a Afirka ta Kudu, wadda ta fi Nijar asibitoci nesa ba kusa ba, adadin bai wuce 40 ba.

A takarda Nijar ba ta yi sakaci ba. Tun shekarar 2007, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, doka ta mayar da maganin sankarar da ta keɓanta ga mata kyauta, sannan a 2021 Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai ta fara gashi, wato ƙone ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Sai dai dokar ba ta ɗaukar mace daga ƙauyenta, domin tsakanin Tasawa da Yamai akwai kusan kilomita 800, wadda kuwa ta fito daga karkarar Mayahi sai ta fara ratsa rairayi a amalanke ko bisa babur kafin ta taka kwalta. Ga kuɗin mota na mutum biyu, tun da marar lafiya ba ta tafiya ba mai jinya. Ga abinci da masauki. Ga gona da ƙananan yara da aka baro.

Matsalar ta fi tsanani saboda yanayin maganin kansa, wanda ba sha ɗaya ba ne. Bayan tiyata akwai ƙarin ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cutar, wanda galibi ake maimaitawa duk mako uku har tsawon watanni, akwai gashi na kwana biyar a mako na wasu makonni, wasu matan kuma sai sun shekara biyar suna shan ƙwayar Tamoxifen domin hana cutar dawowa. Gudummawar da aka saba da ita kuwa ta rana ɗaya ce: a yi shela a masallaci bayan sallar Juma'a, 'yan ci-rani su aiko da abin da ya sawwaƙa, a sayar da akuya ko tiyar gero, a haɗa jikkunan da za su kai marar lafiya likita sau ɗaya ko biyu. Wannan zumunci abin yabo ne, amma idan kuɗin ya ƙare a tsakiyar magani, macen takan koma gida da jiki a raunane da cutar da ba ta mutu ba, maƙwabta kuma su ɗauka cewa maganin likita ba ya jin daji, don haka ta gaba da ta ji ƙulli sai ta nufi mai sassaƙe.

Abin da ya dace da irin wannan doguwar jinya yana nan cikin jihar tun tuni. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, bisa tushen adashin da mata suka gada, kuma daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Mata ashirin zuwa talatin kan taru duk mako a inuwa, kowace ta jefa zubinta a akwati ana ƙirgawa a gaban kowa, ana ba da rance, a ƙarshen zango a raba. Ƙungiyoyi da yawa suna ware wani ɗan asusu na taimako domin rashin lafiya ko rasuwa. Asusun ƙungiya ɗaya ba zai ɗauki jinyar sankara ba, amma idan ƙungiyoyin ƙauyuka goma suka haɗa nasu, aka ƙara da zakkar 'yan kasuwar Tasawa, aka kuma tsayar cewa kuɗin na mota ne da masauki, ana fitar da shi ranar kowane alkawarin likita maimakon a danƙa shi gaba ɗaya, to za a iya raka mace har ƙarshen maganinta. Burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2021 shi ne mata 80 cikin 100 su kammala magani, kuma a karkara wannan zance ne na kuɗin hanya kafin ya zama na likita.

Wadda ta warke ma ba ta gama buƙatar jama'a ba. Idan an cire nono tare da kaluluwar hammata, hannun wannan ɓangare kan kumbura ya yi nauyi, ta yadda ɗaga taɓarya ko jan guga daga rijiya mai zurfi ke zame mata azaba, a gidan da ake auna mace da dakanta da ruwan da ta kawo. Akwai kuma wadda miji ke ƙaurace wa, ko kishiya ta yi mata gori. Irin wannan mace tana buƙatar a ɗauke mata surfe da ɗiban ruwa, a ba ta jarin sana'ar zaune kamar ƙulle-ƙullen kayan miya, kuma ya kamata ƙungiyoyin su riƙa ba ta wuri ta yi magana a taron mako, domin matan da ke jin kunyar nuna ƙirjinsu ga malamin likita namiji sun fi saurin yarda su je awo idan wadda aka yi wa aikin ce da kanta ta nuna musu yadda ake laluben ƙulli da tafin yatsu.