Hosta a Inuwar Dutsin-Ma: Me Ya Sa Moɗa Ta Fi Dacewa

Masu sha'awar shuke-shuken ado a Dutsin-Ma da Kurfi kan ga hotunan hosta, shuka mai faffaɗan ganye da ratsin fari ko rawaya, su ji cewa inuwa take so, sai su ɗauka gindin darbejiya ko mangwaron tsakar gida ya ishe ta. Amma inuwa kaɗai ba ta wadatar da ita.

Asalin hosta ƙasashen Japan, Sin da Koriya ne, kuma a 1812 aka raɗa mata sunan masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Nicolaus Thomas Host. Kowace shekara takan zubar da ganye, saiwarta ta kwanta makonni cikin sanyin da bai wuce digiri 5 ba, sannan ta sake tohowa. Hunturunmu bai kai nan ba, ga kuma zafin Afrilu da kan kai digiri 40. Ko ruwan madatsar Zobe za a riƙa ba ta, ramewa za ta yi ta yi har ta mutu.

Abin nema kuwa yana gida. Moɗa, wadda magabata ke fitar da zarenta su yi igiya da tsirkiyar baka, dangi ɗaya suke da hosta a lissafin masana. Irinta mai suna Laurentii, da ake samu wurin masu sayar da furanni, tana da ratsin rawaya a gefen ganye, tana jure fari da ƙura.

Ratsin nan yana da sharuɗɗa. Wurin da ya yi fari ko rawaya yana da ƙarancin koren sinadarin da ganye ke haɗa abinci da shi, don haka shukar ba ta saurin girma, kuma ranar azahar kan ƙona gefen. Inuwa mai duhu kuma takan dusashe launin. Mafi kyau shi ne inda hantsi ke taɓawa, inuwa ta rufe kafin tsakar rana.

A haɗa yashi da ruɓaɓɓen taki a tukunya mai huji, kada a ba da ruwa sai ƙasar ta bushe, musamman da damina, don saiwar na saurin ruɓewa. Wajen yaɗa iri, a raba saiwa da 'ya'yanta. Wanda ya yanki ganye ya dasa zai samu sabuwar shuka, amma ba tare da ratsin rawayan ba.