Ɗinkin ɓoye da ɗinkin bayyane: yadda sinima ta ba da labarin Dankori da Maijirgi

A ƙasar Tasawa ne tafiyar kaftin Voulet da kaftin Chanoine ta ƙare. Ayarin sojan Faransa da suke ja ya taso daga bakin kogin Kwara a farkon shekarar 1899, yana ƙone garuruwa, yana kashe mutane. Ya yi faɗa da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu, ya ragargaza Birnin Ƙonni cikin watan Mayu. Ran 14 ga watan Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe kanal Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko domin ya tsai da shi. Ran 16 ga wata sojojinsu baƙar fata suka tayar, suka kashe Chanoine, wanshekare aka kashe Voulet. Kaburburan da aka yi musu suna Maijirgi, gabas da Tasawa, a kan babbar hanyar Damagaram.

Babu kamarar sinima a cikin wannan ayari. Ita kanta sinima ba ta cika shekara huɗu da haihuwa ba a lokacin, domin a watan Disamba na 1895 ne ƴan'uwan nan biyu masu suna Lumière suka fara nuna ta ga jama'a a birnin Paris. Saboda haka duk wani hoto mai motsi da mutumin Tasawa ko na Mayahi ya taɓa gani game da wannan al'amari, wani ne ya ɗauke shi daga baya, wani kuma ya zauna ya yanyanka ya haɗa. Na farkon kowa ya san shi, shi ne mai kamara. Na biyun ba a ganinsa, alhali kuwa a hannunsa labari yake samun kai da gindi.

Aikinsa shi ne ma'aikatan telebijin na Yamai suke kira montaji, masu fim na Kano kuwa suna cewa tace hoto. Ba a ɗaukar fim a jere kamar yadda ake ganinsa. Ana ɗaukarsa guntu-guntu, yau a ɗauki ƙarshensa, gobe a ɗauki farkonsa, kuma abin da aka ɗauka yakan ninka abin da za a nuna sau da yawa. A zamanin da, fim dogon zare ne mai faɗi, hoto 24 ke wucewa cikin kowace daƙiƙa, mai haɗi yana yanka shi yana liƙawa da hannu. Yanzu da kwamfuta ake yi, amma shawarar ba ta sake ba: wane guntu za a ajiye, wanne za a zubar, wanne zai bi wanne. Aikin ya yi kama da na maɗinki wanda masaƙi ya miƙa wa ƙyallaye siri-siri domin ya fitar da riga. Maɗinkin na iya ɓoye ɗinkinsa har mai riga ya zaci ƙyalle ɗaya ne, yana kuma iya barin zare a fili ya zama shi ne adon. Haka masu haɗin fim suka kasu tun da daɗewa.

Ɗinkin ɓoye shi ne hanyar da ta kafu a Amurka tun wajen yaƙin duniya na farko, ita ce kuma aka fi bi har yau. Manufarta kada mai kallo ya ji an yanka. Tana da ƙa'idodi, kuma wanda ya san su sau ɗaya zai riƙa ganinsu ko'ina. Idan mahayin raƙumi ya bar Mayahi zai tafi Tasawa, aka nuna shi yana tafiya daga hagun allo zuwa dama, to, dole kowane guntu na gaba ya nuna shi yana bin dama. Da zarar ya fuskanci hagu, mai kallo zai ce ya yi mantuwa ya koma gida. Idan mutum ya miƙa hannu zai ɗauki ƙwarya, akan yanka a tsakiyar miƙawar, a dawo kusa da hannun yana ƙarasa ta. Ido na bin motsi, bai lura da yankan ba. Idan mace ta ɗaga kai ta dubi wani abu, guntun da ya biyo shi ne abin da ta gani, ko da kuwa an ɗauke shi wata guda bayan haka a wani gari.

Ƙa'idar da ta fi wuyar kiyayewa, a filin kokowa aka fi gane ta. Ƴan kokowa biyu sun fuskanci juna, ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Tsakaninsu akwai wani layi da ba a gani. Muddin kamara ta tsaya a ɓangare guda na wannan layi, tana iya matsowa, tana iya ja da baya, na hagu yana hagunsa, na dama yana damansa. Idan ta tsallake layin aka haɗa guntayen, sai su yi musanyar wuri a kan allo ba tare da sun motsa ba, mai kallo ya rasa wanda ya kama ƙafar wani. Duk wanda ya saba kallon gasar takobi ta ƙasa a telebijin ya san wannan da idonsa, ko bai san sunanta ba.

Da wannan hanya Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya yi fim ɗinsa mai suna Sarraounia a 1986, daga littafin da Abdoulaye Mamani ya wallafa a 1980. Fim ne babba, mai dawaki da mayaƙa da ganuwa, ya kuma ci babbar kyautar bikin sinima na Wagadugu a 1987. Yana kai da komo tsakanin birnin Sarauniya da sansanin Turawa, ya bi ayarin har inda aka harbe Klobb, har inda sojoji suka juya wa shugabanninsu. An shirya ɗaukarsa a Nijar, amma a ƙarshe a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma Aï Keïta da ta fito a matsayin Sarauniya ƴar can ce. Watau ƙasar da mai kallo yake gani ba ta Arewa ba ce, ba ta Tasawa ba ce. Ɗinki ne ya sa ya yarda, kuma wannan ba laifi ba ne, haka sana'ar take.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne wajen lokaci. Tsakanin faɗan Lugu da ranar Dankori akwai wata uku, akwai tafiyar kimanin kilomita 400, akwai garuruwan da aka ƙone bayan an wuce Lugu. Fim na sa'a biyu dole ya taƙaita wannan duka. To, ɗinkin ɓoye yana da wata ɗabi'a: idan abu biyu suka bi juna babu tangarɗa, zuciya takan ɗauka na farkon ne ya haifi na biyun. Mai kallo yakan fita da yaƙinin cewa tsoron Sarauniya da asirinta ne suka karya ayarin. Jarumtar mutanen Lugu gaskiya ce. Amma abin da ya faru a ƙasar Tasawa yana da nasa dalilai: labarin ta'asar ya kai Faransa, an aiko mai tsai da ita, Voulet ya kashe shi ya yanke kansa daga ƙasarsa, sojoji suka ga ba su da sauran hanyar komawa gida muddin suna bin sa.

Ɗinkin bayyane kuwa daga Rasha ya fara ƙarfi, bayan juyin mulkin 1917. Wani malamin sinima mai suna Kuleshov, kamar yadda abokan aikinsa suka ba da labari, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komi, ya haɗa ta da kwanon abinci, sa'an nan da gawa, sa'an nan da mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga so, alhali fuskar ɗaya ce. Eisenstein ya ɗauki wannan darasi ya mai da shi makami. A cikin fim ɗinsa na 1925 game da yajin aiki, yana nuna sojoji suna karkashe ma'aikata, sai ya yanka ya nuna ana yanka sa a mahauta. San ba ya cikin labarin. An kawo shi ne domin hotuna biyu su yi karo, ma'ana ta uku ta fito a kan mai kallo.

Ƴan Nijar suna da hannu a wannan tarihi fiye da yadda aka sani. A 1954 Jean Rouch ya ɗauki bikin ƴan Hauka kusa da Akra, garin da ƴan ci-rani suke kira Ankara, kuma yawancin masu bikin daga Nijar suka je. A cikin fim ɗin, Les Maîtres fous, ana fasa ƙwai a kan gunkin gwamna. Nan take sai allo ya tsallaka zuwa faretin gwamnan Ingila na gaske, da farin gashin tsuntsu yana zubowa daga hularsa. Yanka guda ya bayyana abin da dogon jawabi ba zai bayyana ba. Bayan haka Rouch ya yi Moi, un noir a Abijan, wanda ya fito a 1958, Oumarou Ganda ne kuma babban ɗan wasansa. Kamarar Rouch irin mai wani ce, ba ta wuce daƙiƙa ashirin da ƴan kai sai an sake wana ta, saboda haka hotunan suna tsalle, mutum na nan sai ga shi can. Muryar Ganda, wadda aka ɗauka daga baya, ita ce ta riƙe labarin. Abin da larura ta kawo a Abijan, Jean-Luc Godard, wanda ya yaba wa fim ɗin ƙwarai, ya yi shi da gangan a Paris a 1960 cikin À bout de souffle. Shi ma Ganda, da ya yi nasa fim Cabascabo, bai bi lokaci a jere ba: tsohon sojansa yana cikin talauci a gida, allo yana komawa da shi fagen yaƙin Indoshin.

Kada a zaci mutanen karkara ba su saba da irin wannan ba. Tun da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, har aka zo zamanin masu waƙa irin ta Indiya, mai kallo a Mayahi ko a Tasawa yana ganin saurayi da budurwa sun sake tufafi sau biyar cikin waƙa guda, daga lambu sun faɗa bakin ruwa, bai kuwa taɓa cewa an yi kuskure ba. Ya san waƙa tana da nata lokaci.

A 2020 labarin Voulet ya sake dawowa allo, wannan karon da ɗinkin bayyane. Fim ɗin shi ne African Apocalypse na Rob Lemkin, Baturen Ingila. Wani saurayi mawaƙi, Femi Nylander, wanda asalinsa Nijeriya ne amma a Ingila ya tashi, ya bi sawun ayarin a mota tare da Amina Weira, ƴar Nijar mai yin fim, har zuwa kabarin Maijirgi. Babu ɗan wasan da ya sa kakin Voulet ya hau doki. Abin da ake gani shi ne dattawa da mata na garuruwan suna faɗin abin da kakanninsu suka gaya musu. Ana cikin haka sai a yanka zuwa tsofaffin hotunan zamanin mulkin mallaka, ko a ji ana karanta littafin Joseph Conrad game da Kwango, wanda ya fara fitowa a wannan shekara ta 1899, ko a tsallaka zuwa zanga-zangar baƙar fata a Ingila a 2020. Fim ɗin ba ya ɓoye cewa hujja yake kafawa: abin da ya faru a nan ɗan'uwan abin da ya faru a can ne, kuma bai wuce ba tukuna.

Amfanin wannan hanya babba ne, domin ta bar mutanen ƙasa sun yi magana da bakinsu, da fuskarsu, a ƙofar gidajensu, abin da fim ɗin Med Hondo bai nema ba. Amma darasin Kuleshov yana aiki a nan ma, har ya fi. Idan tsoho ya ambaci kisan da aka yi a garinsu, sa'an nan allo ya nuna tsohon hoton mutanen da aka azabtar, mai kallo zai haɗa su ya ce waɗannan ne kakannin tsohon, ko da hoton na wata ƙasa ne mai nisa. Maganar tsohon gaskiya ce, hoton ma gaskiya ne. Haɗin su kuwa ra'ayin mai haɗi ne. Malamin makaranta ko ma'aikacin da zai nuna irin wannan fim ga jama'a, ya kyautu ya iya tsai da shi ya ce: wannan muryar ta Maijirgi ce, wannan hoton kuwa daga ina ya fito?

An fara nuna fim ɗin a bikin sinima na Landan cikin watan Oktoba na 2020. A 2022 aka juya shi da Hausa, tashar Arewa24 ta Kano ta watsa shi, jikokin waɗanda suka yi magana a cikinsa suka sami damar jin sa daga farko har ƙarshe da harshensu.