3.2 Ginin Laka a Matsayin Hoton Cikin Mutum

Bahaushe yakan yi amfani da kalma ɗaya, wato "ciki", wajen ambaton ɓoyayyen sashen gida da kuma zuciyar mutum: cikin gida, farin ciki, zurfin ciki. A tsofaffin gidajen ƙasa na Talata Mafara da Bakura da Maradun, a zaure magini kan zuba gwanintarsa, domin nan ne fuskar da maigida ke nuna wa jama'a, kuma nan ne iyakar baƙo namiji. Ƙofofin kuwa akan karkata su da gangan, don kada a hango tsakar gida. A ganin wannan nazari, kunyar Bahaushe ce aka gina da laka. Yawancin gidajen bulo na yau babu zaure, sai get.