Ƙira a Gida: Yadda Za Ka Kafa 'Yar Maƙerarka Ko Kana Zaune a Kudu

 

Duk wanda yake harkar kara, ko fawa, ko suya, ya san rayuwarsa ba ta rabuwa da ƙarfe. Wuƙa, gatarin sara ƙashi, ƙugiyar rataye nama, turken ɗaure dabba, duk daga hannun maƙeri suke fitowa. A gida in wuƙa ta lalace, tattaki kaɗan za ka yi ka isa rumfar maƙera. A Kudu kuwa sau da yawa sai an yi sautu daga Arewa a motar shanu, ko a sayi ta kanti wadda ba ta jure aikin mahauta. Shi ya sa na ga ya dace mu yi bayanin yadda mutum zai haɗa 'yar maƙera a inda yake zaune, don sha'awa da gyaran kayan aikinsa, in Allah Ya sa albarka har ta zama hanyar abinci.

Sana'ar gado ce, amma ƙofarta a buɗe take

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja, an tono tandunan narka tama da suka haura shekara 2,000. A gindin Dala ma an samu alamun aikin ƙarfe tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin baka na Kano yana cewa maƙera ne daga Gaya suka zo neman tama suka zauna a wurin. Hausawa sun raba sana'ar gida biyu: maƙeran baƙi masu fartanya da lauje da gatari, da maƙeran fari masu zobe da awarwaro. Kusan kowace masarauta tana da Sarkin Maƙera.

A da sai an haƙo tama an narka. Bayan zuwan jirgin ƙasa da motoci, tsohon ƙarfe ya wadata, aka bar narka tama. Layin dogo ya iso Gombe a 1963, kuma yankin nan ya yi suna wajen noman auduga da huɗa da garmar shanu, don haka maƙera ba su taɓa rasa aiki ba. Har yau a unguwanni irin tamu, inda mutane da yawa ke da gona a bayan gari, da zarar hadari ya fara haɗuwa za ka ga ana kai fartanyoyi da bakin garma gyara.

Gaskiya ne yawancin maƙera gado suka yi. Amma ɗan haye ma yana koyo, muddin zai sauke girman kai ya zauna gaban masu ita.

Wurin da za ka kafa

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, fara duba wuri. Rumfa kake so mai buɗaɗɗen gefe, wadda iska ke ratsawa, ƙasanta turɓaya ko yashi. Taku huɗu a tsaye, huɗu a kwance ya isa. Kada ka kuskura ka hura wutar ƙira a cikin ɗaki ko shago a rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe mutane in sun kwana da janareta a ɗaki. Ka nisanci inda ake ajiye fetur, tukunyar gas, katifa ko harawar dabbobi. Hausawa na cewa ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Kai dai tabbatar taka ta tsaya a maƙerar. Bokitin ruwa da na yashi su kasance kusa da hannunka kullum.

Murhu da zuga-zugi

Murhun maƙeran gargajiya ba wani abu ba ne illa ɗan rami a ƙasa, da 'yar katangar yumɓu mai ƙofa wadda iska ke bi ta shiga ƙarƙashin gawayi. Ramin da bai wuce faɗin kwanon tuwo ba, zurfinsa kamar tsawon tafin hannu, ya ishe ka wuƙa da ƙugiya. Ƙasar suri ko jar ƙasa da aka kwaɓa da yashi da toka tana jure wuta. Kada ka yi amfani da bulon siminti ko dutsen rafi mai laima, domin in suka ɗau zafi suna iya fashewa su watso maka.

To a Kudu akwai matsalar da ba mu da ita sosai a Gombe: ruwan sama da damshin ƙasa. Rami a Legas ko Fatakwal rijiya zai koma. Maganin abin shi ne ka ɗaga murhun sama. Samu tsohon gargaren tayar mota ko gindin duro, ka shafe cikinsa da yumɓu mai kauri, ka shigar da bututun baƙin ƙarfe ta gefe, ka ɗora a kan ƙafafu. Ka bar yumɓun ya bushe sarai kafin wutar farko.

Iska ita ce ran wutar. Zuga-zugin gargajiya fatar akuya ce guda biyu, ana danna ɗaya ana ɗaga ɗaya don kada iskar ta yanke. Yana aiki, amma yana son mutum na biyu. Dama ƙarfe ɗaya ba ya amo. Maƙera da yawa yanzu sun koma ga gargaren keke da bel mai juya 'yar fanka. In kai kaɗai ne, fankar da ke hura iska a cikin mota, wadda ake samu wurin masu tsofaffin kayan gyara, tana aiki da batir mai bolt 12, ka ga babu ruwanka da ɗauke wutar NEPA. Ka sa mata 'yar ƙofa da za ka rage iskar, don iska in ta yi yawa cinye gawayi take yi ta ƙona ƙarfen.

Maganar gawayi kuwa, maƙeran Arewa sun fi son na ƙirya saboda nauyinsa da daɗewar garwashinsa. A Kudu ka nemi gawayin itace mai nauyi, ka farfasa shi ya koma kamar girman goro. Sannan ga wata dabara daga maƙeran Yarbawa da Inyamurai: ɓawon ƙwallon kwakwar manja. Yana da araha a inda ake matsar manja, kuma wutarsa tana da ƙarfi sosai.

Uwar maƙera da sauran kayan aiki

Uwar maƙera ita ce dunƙulen ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a daka. Ta Turawa mai ƙaho tana da tsada, kuma ba dole ba ce. Ta gargajiya ma fuskarta ba ta da faɗi, kafa ta ake yi a cikin gungumen itace da aka binne a ƙasa. Abin da ake nema shi ne nauyi a daidai ƙarƙashin inda guduma ke sauka. Kan babbar gudumar fasa dutse, ko guntun ƙarfen aksil na tirela da aka tsayar a tsaye cikin kututture, duk suna yi. Ka kafa ta da kyau, don in tana rawa rabin ƙarfinka a banza yake tafiya. In a zaune za ka yi aiki kamar maƙeranmu, ta ɗan ɗara ƙasa kaɗan. In a tsaye ne, fuskarta ta zo daidai da dunƙulen hannunka idan ka sake shi ƙasa.

Sauran kayan ba su da yawa: guduma mai nauyin kilo 1 zuwa 1.5, awartaki biyu don riƙe ƙarfe mai faɗi da mai zagaye, kurfi na yanka, madoshi na huda ƙota, da magagari. Masaɓa babba sai ka samu mai taya ka. Kada ka ce sai guduma mai nauyi don a ga kai ƙato ne. Kafaɗarka ce za ta biya bashin.

Wane ƙarfe, kuma daga ina?

Ba kowane ƙarfe ke yin kaifi ba. Rodin gini ya dace da koyo, da ƙugiya, da turke, amma ba a dogara da shi wajen wuƙa. Mai riƙe kaifi shi ne sifirin na mota, tsohon magagari, da zoben boris. In kana shakka, ɗan gwada: gasa guntu ya yi ja, tsoma a ruwa, ka goga masa magagari. In magagarin ya zame bai ci ba, wannan ƙarfen wuƙa ne.

Akwai abubuwa uku da za ka guje wa ko kyauta aka ba ka. Na ɗaya, ƙarfe mai rufin fari irin na bututun ruwa da kwanon rufi, don hayaƙinsa yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Na biyu, duk wani abu rufaffe da ba ka san cikinsa ba, kamar tukunyar gas ko wani dunƙule mai kama da harsashi. A Arewa maso Gabas an rasa rayuka wajen tsintar ƙarfe, kuma a 2023 gwamnatin Borno ta hana sana'ar jari-bola saboda matsalar tsaro da satar kayan gwamnati. Na uku, ƙarfen layin dogo, murfin kwalbati, da kayan turakun lantarki. Waɗannan dukiyar gwamnati ce. In aka same su a hannunka, ba wanda zai saurari cewa saya ka yi. Sayi kayanka wurin dillalin da aka sani, a gaban shaida.

Karanta wuta da ido

Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi sai launi, shi ya sa ake son rumfa mai inuwa. Ja mai duhu, ƙarfe ya fara sanyi, mayar da shi wuta. Ruwan goro zuwa ruwan ɗorawa, wato wajen digiri 900 zuwa 1,100, nan ne yake laushi kamar ƙullu, nan ake duka. In ya yi fari yana tartsatsi, ya fara ƙonewa. Wanda ya ci gaba da dukan sifirin bayan ya huce, tsagewa zai yi masa.

Bayan ka gama siffar wuƙa sai taurarawa. Ga dabara mai sauƙi: ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770. Ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika, ka riƙa gwadawa. Da ya daina kamawa, ƙara masa wuta kaɗan, sai ka tsoma bakin cikin mai. Man gyaɗa ko wani man girki ya fi baƙin mai, don hayaƙin baƙin mai cuta ne. Gwangwanin ya zama na ƙarfe mai murfi, ko da mai zai kama wuta sai ka rufe. Kada ka zuba masa ruwa. Ruwa kuma yana yawan tsaga sifirin.

A wannan matakin wuƙar ta yi tauri amma tana iya karyewa kamar kwalba. Sai ka goge ta ta yi haske, ka ɗora bayanta a kan garwashi a hankali. Za ka ga launi yana tafiya zuwa bakin. Da bakin ya yi ruwan zuma, wajen digiri 230, ɗauke ka sanyaya. In ya kai shuɗi, ya yi laushi da yawa ga wuƙar fawa. A ƙarshe shafa mai, domin iskar bakin teku ba ta raga wa ƙarfe. Kwana kaɗan tsatsa ta hau.

Kada ka fara da wuƙa. Fara da ƙugiya, tsinken ƙarfe, zoben igiya da turke. Sai hannu ya faɗa tukuna. Ka sa tabarau na kare ido, da takalmi rufaffe, da tufafin auduga, don yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata. Kuma ka ɗauka duk ƙarfen da ke kusa da murhu mai zafi ne ko da ya yi baƙi.

Maganar da ta fi duka muhimmanci

'Yan uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Bahaushe a Kudu da wuta da guduma da wuƙaƙe a bayan gida, ba kowa zai kalle shi a matsayin mai sha'awar sana'a ba. Ba mu manta abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano daga Fatakwal, bisa zargi kawai. Zargi yana gudu fiye da bayani.

Saboda haka kada ka yi abinka a ɓoye. Nemi izinin mai gida. Sanar da Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwarku, shi kuma ya gabatar da kai ga masu unguwa. Yi aiki da rana a inda kowa ke gani, ban da sassafe, ban da dare, ban da lokacin ibadar maƙwabta. Ka tsaya kan kayan sana'a da na gona. Bindiga ko wani ɓangare nata, ko gyara ne, kada ka taɓa; dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ta ba tare da lasisi ba. Takobi da kibiya ma bar su. In baƙon da ba ka sani ba ya zo da irin wannan buƙata, ba shi haƙuri. In za ka kai wuƙaƙe mahauta, naɗe su da kyau, ka riƙe katin ƙungiyarku.

Sannan ka tuna mutanen da kake zaune cikinsu ma maƙera ne tun kaka da kakanni. Garin Awka ya shahara da ƙira a duk ƙasar Inyamurai, Yarbawa ma suna da tsofaffin gidajen maƙera a Ibadan da sauran garuruwa. Je ka gaishe su, ka sayi gawayi a inda suke saya, ka kalli yadda suke riƙe awartaki. Maƙwabcin da ka gyara wa adda kyauta, shi ne zai fara tsaya maka ranar da wani ya zo da ƙananan maganganu.

In kuma kun zo gida hutun Sallah, ku ware yini ɗaya ku zauna a rumfar maƙera, ku karɓi zuga-zugi ku taya su. Abin da ido zai ɗauka a yinin nan ya fi duk abin da na rubuta. Allah Ya tsare mu, Ya sa albarka a nema, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.