"Janareto Mara Mai": Darasi Daga Injin Niƙa a Kagara

KAGARA, Jihar Neja: Duk mai injin niƙa a Kagara, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Rafi, ya san faifan ƙarfen nan mai nauyi na jikin injin dizal, wanda kan ci gaba da juyawa jim kaɗan bayan an kashe injin. Da irin wannan juyi ne masu tallar "janareto mara mai" ke kafa hujja, kuma tsadar mai tun bayan janye tallafin fetur a 2023 ta sa ana saurarensu.

Alhali faifan asusu ne kurum, ba ya fid da abin da ba a zuba masa ba. Idan aka ninka gudunsa, ƙarfin da ya tara kan ninku sau huɗu, amma gugar ƙarafa da iska suna ta zaftare shi. Da zarar an jona firji ko injin walda, zai tsaya, sai fa in an ɓoye batir.

Tun 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta daina duba irin waɗannan na'urori. Ko tashar Shiroro mai megawat 600, ruwan Kogin Kaduna ke juya injinanta.

Kafin biyan kuɗi, mai saye ya nemi a buɗe akwatin, a jona kaya, na'urar ta kwana tana aiki a gabansa.